Firjin Dakta Ashemi Ba Zai Mutu Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Dakta Ashemi Babagana, mijin yayata Sadiya, a gidansa da ke Azuba, Lafiya.

Yaya Likita, ni ce Zuwairatu, mai tsokanarka. Abokan aikinka sun faɗi alherinka a asibiti. Ni a gida na san ka, mai raka 'ya'yansa makaranta da kansa, wanda ba ya cin tuwo sai kowa ya zauna.

Kuma na san firjinka. Tun da wani manomi ya cika a hannunka, kububuwa ta sare shi, aka nemi allurar dafin maciji a gari aka rasa, ka ce ba za a sake ba. Ka riƙa sayo allurar kana ajiyewa a firjin falo, aka kori zobon Yaya Sadiya zuwa randa. In an ɗauke wuta, janareto na firji ne, mu kuwa mu yi ta fifita. Na sha ce maka allura ta fi mu gata a gidan nan. Sai ka yi dariya ka ce mu zafi ba ya lalata mu.

Muna zaman makokinka, wani manomin doya daga Assakio, Iorfa, ya shigo a gigice. Bai ji rasuwar ba. Matarsa Ngodoo na waje a keke napep, ƙafa ta kumbura.

"Likita yana ina? Mata na, maciji ya cije shi a gona."

Sai 'yarka Hanifa, da ka koya wa aikin jinya, ta tashi daga tabarma ta share hawaye. Ta buɗe firjin, ta ɗauki allura, ta shiga keken suka nufi asibiti. Uwarta ba ta hana ta ba, hijabi ma ta miƙa mata. Ngodoo ta rayu. Da ƙafarta ta dawo yi mana gaisuwa, ta zauna ta yi kukan da ya fi namu.

Wasu dangi sun ce a kai sauran allurar wani wuri, gida ya huta. Yaya Sadiya ta ce mutanen ƙauye wannan ƙofar suka sani, kuma kakar doya ba ta ƙare ba. Mun tsaya a kan haka. Hanifa ta ɗauki nauyin sayo allura, ni na ɗauki na man janareto. Ba za mu fasa ba.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ya ba Yaya Sadiya da 'ya'yanka da dangi haƙurin rashinka.

Rashinka ya yi mana ciwo, Yaya Likita. Yau ma an ɗauke wuta, muna ta fifita, firjinka na aiki.