Ƙofar da na koyo a kangon kanisa

A shekarata ta uku ina aikin gini a Jidda, liman ya ce in yi wa ɗan masallacinmu na unguwar Karantina ƙofa mai baka, wato mai lanƙwasa a sama. Sau biyu ina ɗora ta, da na zare katakon tallafi sai ta zube. Jama'a suka ce in gitta ƙarfe kawai, halas, shi ke nan. Na ƙi.

A gefen Balad, tsohon garin Jidda, akwai wani kango da kowa ke kira kanisa. Wasu sun ce Nasara sun yi ibada a ciki, wasu sun ce masaukin matuƙan jirgin ruwa ne. Rufinsa ya daɗe da faɗuwa, amma bakunan tagoginsa na tsaye, da irin dutsen tekun nan mai ramuka da nake fama da shi.

Da na shirya zuwa can, yayana ya tare ni. "Ɗakin Allah za ka ɗauko wa fasali daga coci?"

Na ce, "Yaya, ba ibada za ni ba, kallo za ni."

Na hau tarin ƙasa na shafa duwatsun. Ashe kowanne sassaƙe yake, sama da faɗi, ƙasa a tsuke, na tsakiya ya matse sauran. Ni kuwa da kwaɓi nake cike giɓi.

Kwana tara na yi ina sassaƙa. Na zare katako, ƙofa ta tsaya.

Yaya bai taɓa ce mini sannu ba. Amma har ya rasu, duk baƙon da ya zo salla sai ya tsayar da shi a ƙarƙashinta ya ce, "Aikin ƙanena ne."