Ranar da Inna Ta Ɓoye wa Jakada Awaki

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da jakadan Ingila ya zo ƙauyenmu, kakata ta zauna a bakin zaure ta ce ba zai shiga ba. Shekaru sun ja, ni kaina furfura ta fara leƙo ni, amma duk sanda na tuna sai dariya ta kama ni, ƙwalla na biye da ita.

Ƙauyenmu yana yankin Fagam, a ƙasar Gwaram. Kakana, da muke ce wa Baba Tsoho, gyaran keke ya yi a Birnin Kudu lokacin samartaka, kafin ya dawo gida ya rungumi noma. Yana da labari guda da ba ya gajiya da bayarwa. Wai wani saurayin Bature da ya zo koyarwa a garin ya taɓa kawo masa keke sarƙa ta tsinke, daga nan suka ƙulla abota. Shi ya koya masa Hausa, shi ya hau da shi duwatsu ya nuna masa zanen shanun mutanen da, kuma a zaurensa Baturen yake cin dambu da hannu. Ranar da zai tafi ya ce, "Zan dawo, in Allah ya yarda."

Shekara ta bi shekara, shiru kamar an aiki bawa garinsu. A majalisar ƙofar masallaci aka laƙaba wa tsohon suna Abokin Bature, kuma ba don girmamawa ba. Da jirgin sama ya gifta sai wani ya ce, "Baba, ga mutuminka can, ɗaga masa hannu." Murmushi kawai yake yi, amma mu na gida mun san abin yana cin sa, don ba abin da ya fi yi wa dattijo ciwo irin a mai da shi mai shaci-faɗi. Ga shi ƙafafu sun ƙi, kunne ya yi nauyi, kowa ya san kwana ya ƙarato.

Da kaka ne, an gama gero ana yankan dawa. Ina aji a firamaren da nake koyarwa aka zo mini da labari daga mai unguwa: wani tsohon jakadan Ingila yana ta cigiyar kakana a wurin tsofaffin masu gyaran keke na Birnin Kudu, an yi masa kwatance, zai iso bayan azahar, kuma dole ya juya kafin magariba don jirginsa na jiran sa a Kano. Na yi ta murna, na kama hanya ina bitar Turancin da zan yi tafinta da shi. Abin da ban sani ba, ɗan aiken ya riga ya biya ta gidanmu ya ce wa kakata, "Inna, jakada na nan tafe, Baba yake nema."

To, mu da muka tashi da rediyo, jakada a wurinmu wakilin ƙasa ne. A wurin Inna kuwa jakada shi ne mutumin da hakimi yake turowa da kaka karɓar haraji. Tana yarinya ta ga wani ya sa an buɗe rumbun babanta, ya ja akuyar mahaifiyarta ya tafi, babanta na durƙushe yana ranka ya daɗe. Wannan hoton bai taɓa barin idonta ba.

Ina shiga gida na tarar da turke wayam. Inna ta kora awaki ta ƙofar baya zuwa maƙwabta, ta lulluɓe rumbu da tsohuwar zana, ta kai Baba Tsoho ƙuryar ɗaki ta ce ya kwanta ya huta, shi kuwa bai san wainar da ake toyawa ba. Na ce, "Inna, wannan fa jakadan ƙasa ne, ba na haraji ba." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai yaro ne. Jakada jakada ne ko daga ina ya fito. Me ya hana shi zuwa da rani, sai da ya ji an yi girbi?"

Mota ta tsaya, wani dogon tsoho ya fito yana dogara sanda, kansa fari fat. Gari ya taru, har da masu tsokanar nan na majalisa. Inna ta riga ta baje a bakin zaure, ta miƙe ƙafa ta tare hanya. Kafin kowa ya buɗe baki ta ce, "Maigidan ya yi tafiya." Na matso zan saki Turanci, sai baƙon ya ɗaga mini hannu, ya ce da wata irin tsohuwar Hausa mai daɗin ji, "Malam, bari mu gaisa tukuna." Nan Turancin da na sha wahalar bita ya tashi a banza.

Ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma da ƙyar, ya shiga gaisuwa ba gaggawa. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya amfanin gona. Da ya kai ga "Ya dabbobi?" sai Inna ta harare ni, irin hararar nan ta ka ji ko, ta ce, "Ko kaza ba mu da ita." Daidai lokacin jar akuyarta ta saki kuka daga gidan maƙwabta. Mutane suka yi ta danne dariya. Inuwa tana ta tsawo, direba yana duba agogo, ga tsoho a ciki da ya ƙare rayuwarsa yana jiran wannan rana, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Na yunƙura zan kutsa, baƙon ya girgiza mini kai.

Sai ya ce, "To, tunda maigida ba ya nan, ina Amarya? Mai dambun zogale, wadda take sa mini yaji a gefe don ta san bakina ba ya ɗauka. Ban taɓa ganin fuskarta ba, ta bayan zana nake yi mata godiya." Ya juya wajen katanga ya ɗaga murya kamar yadda ya saba a da: "Amarya, dambu ya yi dadi!" Haka ya faɗe shi, harshensa har yau bai iya "daɗi" ba.

Inna ta dafe baki. Rabon da wani ya kira ta Amarya tun ba a haifi ubana ba. Ta ƙura masa ido, can ta ce, "La'ilaha illallahu! Baturen keke? Kai ne ka zama jakada? Bawan Allah, me ya kai ka wannan mugun aiki?" Ya yi dariya har da tari, ita kuwa ta janye ƙafa.

Muka tallabo Baba Tsoho zuwa zaure. Ya shafa fuskar baƙon da hannu biyu, sannan ya ce, "Ka daɗe." Baƙon ya ce, "Na daɗe, amma ai na ce zan dawo." Na waiga wajen mutanen majalisa, kowa kansa a ƙasa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

A ɗan zaman da suka yi ya ba mu labarinsa. Bayan ya bar Birnin Kudu ya shiga aikin wakiltar ƙasarsa, aka yi ta yawo da shi, ƙasashen Larabawa da na sanyi da na yaƙi, har ya kai jakada, ya yi ritaya, matarsa ta rasu. Ya ce yawancin aikin zama ne tsakanin mutanen da ke fushi da juna, kuma abin da ya fi yi masa amfani a zauren kakana ya koya: kada ka fara da buƙata, fara da gaisuwa, sannan ka yi haƙuri. "Amma duk manyan da na zauna da su," in ji shi, "ba wanda ya tsare ni a ƙofa kamar Amarya."

Da zai tafi sai ga Inna ta ɓullo tana jan jar akuyar nan da igiya. Ta ce, "Jakada ba ya komawa hannu rabbana." Ya san ba a mai da kyauta, ya kuma san jirgi ba ya ɗaukar akuya. Ya karɓi igiyar, ya yi godiya, ya miƙa mata ya ce, "Na ba ki kiwo, Amarya."

Baba Tsoho bai ga wata kakar ba, amma ya cika da sunansa a wanke, Abokin Bature ya zama sunan girma. Ni kuwa na koyi cewa tsoron tsoho da labarin tsoho duk suna da tushe, kuma ƙofar da ƙarfi ba zai buɗe ba, gaisuwa da haƙuri suna buɗe ta. Inna ma ta bi mijinta, amma jikokin jar akuyar suna nan a turkenmu. Har yau ba wanda ya yarda ya sayar da ko ɗaya, don kiwo aka ba mu, kuma mun ga mai su yana cika alkawari.