Ɗanyen Ganye a Bakin Zaurenmu

Jiya jikata ta shigo da reshen maɗaci tana wasa. Warinsa na bugun hancina sai ga ni yarinya a gidanmu na Fagge, tun Turawa ba su tafi ba. Zan faɗa maka yadda aka yi. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, ban koyi yi wa magana kwalliya ba.

Akwai wani dogon rimi a jikin katangarmu, da rani yakan zubar da ganyensa tas. A irin wannan lokacin muka fara tarar da ɗanyen ganyen maɗaci, kore shar, a bakin zaure da safe. Inna ta share, gobe ga wani. Ƙanena kuwa yana ta zawo, ya rame har wuyansa ba ya ɗaukar kansa. Wa ke ajiye ganye a ƙofar mai jinya?

Wadda ta fi kowa sammako gidanmu wata Kirista ce 'yar ƙasar Zariya, mijinta na aikin reluwe, suna zaune a Sabon Gari. Mama muke ce mata. Ita ke sarin man gyaɗa da ƙuliƙulin Kaka ta kai kasuwa, da wannan cinikin gidaje biyu ke cin tuwo. Kaka 'yar Barno ce, kullum Mama na tsokanarta wai Hausarta har yau ba ta nuna ba, Kaka ta ce gara tata da ta 'yan Zariya mai tsami.

Ba wanda ya fito fili ya zarge ta. Sai dai Inna ta daina miƙa mata yaron. Aka ware mata moɗa. Ni aka sa in riƙa leƙa kwandonta in tana ciki, ban taɓa ganin komai ba sai kwalabe.

Wata safiya kusa da ganyen muka ga mataccen ɗan tsuntsu, mai farin gashi kamar auduga, kansa duk sara. Inna ta tare Mama a zaure, ta ce in ɗanta take so ta fito fili ta faɗa.

Mama ta juya tsuntsun da ƙafa, ta dubi sama.

"Uwargida, ku ba kwa ɗaga kai ne a gidan nan?"

Ta ce a jira. Muka tsaya har rana ta ɗaga. Can sai ga mikiya daga wajen mayanka, ɗanyen reshe a bakinta, ta sauka kan wani tarin ƙirare a ƙolin rimin, inda wata da ta fi ta girma ke kwance. Muna kallo guntun ganye ya sulalo har gabanmu.

Mama ta ce babbar ita ce macen. Miji da mata ne ba sa rabuwa, sheƙa ɗaya suke komawa duk shekara, suna shimfiɗa wa 'ya'yansu ɗanyen ganye. In ƙwai biyu suka ƙyanƙyashe, babban yakan sassari ƙaramin har ya mutu, uwar na kallo.

"Wannan ɗan'uwansa ne ya kashe shi. Ni dai ba na hawa rimi."

Ta ajiye kwalaben Kaka, ta yi mata sallama. Daga baya Kaka ta taka har Sabon Gari, Mama ta shimfiɗa mata tabarma, ta ba ta ruwa, amma ba ta sake sarin manmu ba. Shekarar nan mun ji jiki.

Ƙanena ya warke da faɗuwar damina. Inna kuwa har ta koma ga Allah cewa take: ta yarda mikiya ce ta kawo ganyen, amma wa ya aiko mikiyar?

Yau shaguna ne a gurbin rimin, jikokina a hoto kawai suka san mikiya. Zargin dai yana nan. Ina zaune sai in ji ana ƙus-ƙus a kan wata maƙwabciya, in tambaya wa ya gani da idonsa. Sai a ce tsohuwar nan ta cika faɗa.