Shekarar da Na Je Turai Ina Tsakar Gida

Tiit, tiit, tiit. Kukan ɗan akwatin batir ke nan da ke ƙarƙashin teburin kwamfuta, wanda ke tashi duk sanda aka ɗauke wuta. Da hantsi ne, ina tsintar shinkafa, maigida yana wurin aiki. Na ture faranti na zari hijabi kamar wadda jaririnta ya farka.

Shekarun nan ne da sojoji suka koma bariki, kowa a Kano ya samo abin da zai zama. Wani kansila, wani ɗan kwangila. Nawa malamin makaranta ne. Ya yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku, ya dawo da shawara guda: zai buɗe shafi a intanet ya nuna wa Turawa rinannun yadukan yayansa, wanda ke rini a Ƙofar Mata. Abokansa suka ce ai akwai kamfanonin da ake ba wa ajiyar shafi. Ya ce shi ba ya ba da ajiya ga wanda bai san ubansa ba, shafinsa a gidansa zai kwana. Shi ke nan kwamfutar ta zama ita ce shagon. In ta mutu, shago ya rufe a duniya baki ɗaya.

Aka rasa inda za a ajiye ta sai ɗakina, don shi ne ba ya yoyo, kuma nan wayar tarho ta shigo. Aka ture kwanukan jerena gefe. Ba a kashe ta, ba a taɓa ta, ba a ɗaga tarho domin ta kan layin take magana da duniya. Fankarmu guda ita ake juya wa, mu muna fama da mafici. Ko mai jego ba ta samu wannan gata ba.

A bangon soronmu kuwa an rubuta BA A SHIGA da jan fenti, da hannun maigida. Shekara tara ban leƙa soron nan da rana ba. In mai gyaran famfo zai shigo, sai na shige ɗaki an saki labule. Ban taɓa jin haushi ba, haka na ga uwata ta zauna, kuma ina son suturata. Amma janareto a soro yake. Sai ga fatawa ta sauka: in an ɗauke wuta, in sa hijabi in je in ja igiya. Larura ce, in ji shi.

Ranar na tayar da inji na dawo, na ce bari in goge teburin. Gwiwar hannuna ta bugi linzamin kwamfutar, allon ya farka. Sai ga ni.

Ni ce a tsakar gidanmu, ɗaurin ƙirji, ɗankwali ya zame, hannuwa sama ina shanya yadi a igiya. Ban ma san sanda ya ɗauka ba. A ƙasa an rubuta da Turanci wai matar gargajiya tana aikin gargajiya. Ni da na gama sakandare da sakamakon da ya fi nasa! Na zauna a bakin gado ina salati.

Na bari ya dawo, ya yi la'asar, ya ci abinci.

"Malam, wace ce wannan?"

"Au, kin gani? Dubi yadda shuɗin ya fito, don Allah."

"Na ga shuɗi. Damatsana fa?"

"Haba. Turawa ne kawai ke kallo."

"Turawan duk mata ne?"

Ya sha ruwa. "Ba kowa ne ke shiga ba."

"Shekaranjiya ka ce wa yayanka baƙi sun fi ɗari uku. Ka nuna masa lambar da ke ƙirga su."

Nan fa ɗaya, Malam ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce ana shiga, to maza ɗari uku sun ga matarsa ba mayafi. In ya ce ba a shiga, to a banza muka sha zafi. Ya duba nan, ya duba can, ya zaɓi hanya ta uku: ni ce ban gane fasaha ba. Ya ɗauki 'yarmu, mai shekara biyar, ya ɗora a cinya. "Kin ga Ummanki? Ta cikin wayar nan ta tafi har Turai." Ya yi alkawari zai sauya hoton in ya sake aro kyamara.

Sati ya wuce, kyamara ba ta aru ba. Ni kuma kowace salla sai na roƙi Allah ya makantar da duk wanda ya buɗe, sannan in ji tausayi in ce a'a, ya dai kawar da idonsa.

Da akwatin ya sake kuka na kai hannu kan hijabi, sai na tsaya. Wato in lulluɓe tun daga kai har ƙafa, in fita soro, in tayar da injin da zai nuna ni tsirara-tsirara ga mutanen da ko sallama ba su iya ba? Na mayar da hijabi na koma kan shinkafata. Akwatin ya yi ta kuka har muryarsa ta shaƙe. Wallahi sai da ya ba ni tausayi.

Malam ya shigo a fusace. "Na duba daga kafen intanet, shafi ba ya buɗuwa! Me ya hana ki tayar da inji?"

"Akwai maza a ƙofar gida, Malam. Ka ce kada su gan ni."

Kwana biyu bai yaba miyata ba, amma hoton yana nan. Duk ranar da wuta ta yini, ni ma na yini a shanya.

Abin da ya manta shi ne, ya rubuta adireshin shafin a 'yan takardu ya raba wa majalisarsu ta ƙofar gida. A zatonsa ajiyewa za su yi a aljihu, kamar yadda ake yi wa takardar ɗan takara. Madafata bango ɗaya take da soro, don haka da kunnena na ji. Maƙwabcinmu ne, wani dattijon Alhaji ɗan asalin Barno mai sayar da huluna, mutum mai kunya da auna magana.

"Malam, na je kafe wajen Shahuci aika saƙo, na sa an buɗe min shagon naka. Ma sha Allah. Ashe kun yi sabon siminti a tsakar gida. Gwandar nan ma ta girma."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ambace ni ba, Allah ya saka masa. A majalisar nan kuwa babu wanda ya taɓa ganin tsakar gidanmu. Can wani ya yi gyaran murya ya ce, "Ni fa tawa takardar ta ɓata, a sake rubuta min."

Malam ya faɗo gida ko sallama babu, da takalmi har kan darduma. Aikin da ya jira kyamara sati uku bai kai daɗewar tafasar shayi ba. Ya yanke ni daga hoton, ya bar yadi rataye a igiya shi kaɗai. Bature ɗari uku ba su dame shi ba, Alhaji guda ya kusa sa shi hawan jini. Daga baya ma ya amsa da bakinsa cewa yawancin ɗari ukun nan shi ne, yana leƙowa daga kafe ya ga ko shago na nan.

Bai ba ni haƙuri da baki ba. Ya dai juyo min da fankar, ya fita masallaci kansa a ƙasa. Na yafe masa tun kafin a tayar da salla.

Ina ninke darduma 'yar tawa ta shigo. Ta daɗe tana kallon allon, ta ga igiya ba kowa. Ta juyo ta riƙe zanina.

"Umma, ashe kin dawo daga Turai? Sannu da zuwa. Ina tsarabata?"