Jirgin da ya hau sama da kansa

Shekarun baya, lokacin da na gama karatun injiniya na dawo gida babu aiki, na rungumi noman albasa a fadamar mahaifina, a ƙauyenmu da ke bakin kogin Kwara ƙasa da Shanga. Gonar tana sama da kwata, wurin da ake ɗaure jirage kuma mata suke wanki, wato sai ruwa ya wuce gonar yake gangarawa kwata. A damunar shekarar gaɓa ta zaftare sama da gonarmu, ta faɗa ruwa tare da wata ƙatuwar bishiya, sai wurin ya zama kamar hanci ya tsoma cikin kogi.

Ina da aboki tun na ƙuruciya. Mahaifinsa yana da jirgin katako da yake fiton mutane da kaya ranar kasuwar Yelwa. Na taɓa roƙon dattijon aron jirgin in ɗauko taki, ya ce ba ya ba da shi ga wanda bai iya tuƙi ba. A gaban mutane ya faɗa, aka yi dariya, ni ma na taya su.

Bayan kamar mako guda, da safe na je gona, sai ga jirgin nan a cikin ciyawar bakin gonata, ya maƙale, guntuwar igiya tana lilo a gabansa. Ruwa ya cika sosai a lokacin. Na ji tsoron kada ya ɓalle, sai na kwance igiyar da nake ɗaure injin ban-ruwa na ɗaure shi a turke. Na ce bari in ƙarasa shirya kwamin iri kafin rana ta yi zafi, sannan in je in faɗa.

Ban ƙarasa ba suka iso, mai jirgin da abokina da wasu masunta. Ashe tun asuba suke nema, sun bi kogin ƙasa har sun gaji. Dattijon ya dubi jirgi, ya dubi igiyata, bai ko amsa gaisuwata ba.

"Mi ya kawo jirgina nan?"

Na ce, "Baba, nan na ishe shi. Ruwa ya kawo shi."

Ya ce tun yana yaro yake cikin kogin nan, bai taɓa ganin abin da ya kuɓuce a kwata ya yi sama ba. Ɗaya daga cikin masuntan ya ɗaga guntuwar igiyar yana juyawa, ya ce shi dai wannan bakin bai yi masa kama da cin dutse ba. Suka kwance jirgi suka tafi. Abokina ne kawai ya waiwayo.

Babu wanda ya kira ni ɓarawo a fuska, kuma wannan ya fi ciwo. In na doso majalisa sai hira ta koma ta farashin shinkafa. Maƙwabcin gonata, wanda muke musayar tiyo da shi, ya fara kwashe nasa zuwa gida kullum. Inna ta dawo daga wani suna da wuri, ta ce kanta ke ciwo. Daga baya ƙanwata ta gaya mini cewa wata ce ta tambaye ta a cikin mata ko a makarantar boko har kwance igiya ake koyarwa. Da na tare abokina, sai ya ce shi bai ce na ɗauka ba, amma me ya sa ban zo na faɗa ba tun da na gani?

Na koma bakin gona na zauna ina kallon ruwan, sai karatuna ya fara dawo mini. An koya mana cewa ruwan kogi ba gudu ɗaya yake yi ba. Na tsakiya ya fi sauri, na gefe yana jan ƙafa saboda gogar gaɓa. Akwai mai tafiya sumul kamar an shimfiɗa shi, akwai mai birkicewa yana cakuɗa kansa. Idan kuma ruwa mai ƙarfi ya wuce wani abu da ya tokare shi, to a bayan abin yakan yi zobe: na waje ya yi ƙasa, na jikin gaɓa ya juyo ya yi sama. Gonata tana daidai bayan gaɓar da ta zaftare.

Na je wurin mai gari na roƙi a taru a kwata in nuna. Sai da aka ɗauki kwanaki kafin ya sa rana. Na zo da damin karan dawa, na tsaya na yi bayani kamar wani babban malami, har da zane a kan rairayi. Na jefa kara na farko, ya yi ɗan jim, ya yi ƙasa ya kama hanyar Yelwa. Na biyu ya bi shi. Haka na jefar da damin nan kaf, ko ɗaya bai dubi gonata ba.

Abin da na manta shi ne darasin da ya fi sauƙi: gudun kogi yana sauyawa da lokaci. Ruwan ya ja baya a kwanakin, ƙarfinsa ya ragu, zoben ya tsuke bai kai kwata ba. Na fara bayyana wannan ma, sai na ji muryata tana kama da ta mai ƙara ƙarya a kan ƙarya. Mai gari ya ce tunda jirgi ya koma hannun mai shi, a bar maganar. Aka bar ta a baki, ba a bar ta a ido ba.

Haka na yi watanni ina gona, ina gida. Da sanyi ya shigo, baƙin ruwa ya iso, wato cikar da kogin yake yi a tsakiyar rani da ruwan da ya taso daga ƙasashe masu nisa. Wata rana da hantsi ina ban-ruwa sai na ji hayaniyar mata. Na ɗaga kai, ga wani baho shuɗi cike da kwanoni yana tafe a hankali a jikin gaɓa, yana yin sama. Bayansa ga mahaifiyar abokina ta tattare zani tana bi ta cikin taɓo, sauran masu wanki suna biye da ita. Bahon ya zo ya shige ciyawar bakin gonata ya tsaya. Ta ɗauki abinta, ta dube ni, ta ce, "Ikon Allah," ta juya.

Da la'asar mijinta ya zo shi kaɗai. Ya sauka kwata ya jefa kara da hannunsa, ya biyo shi a ƙafa har gabana. Ya dube ni ya ce, "Ashe kogin ya sake hali. Ka gai da Innarka." Wannan ne duk haƙurin da ya ba ni, kuma na karɓa. Abokina ya dawo zama da ni da yamma, maƙwabcina ya koma barin tiyonsa a gona.

Na ɗauka an gama ke nan. Sai ranar wata kasuwa, ina zaune a bayan buhunan albasa a cikin jirgi, na ji masuncin nan da ya duba igiya yana magana da wani, bai san ina wurin ba.

"To ai shi ɗai ya san ruwan na juyawa. Mai wannan sani ba sai ya tuƙa ba, kwancewa kawai zai yi, ruwa ya kai mishi har gona."

Ban fito ba. Har yau ban san ko yanke igiyar aka yi ko cinyewa ta yi ba. Abin da na gane shi ne, gaskiyar da ta wanke ni a wurin wasu ita ce ta zama sabuwar hujja a wurin wasu. Yanzu ina aiki a birni, nakan je gida da salla. Masuncin ya tsufa, yana gaishe ni da fara'a, har ya riƙe hannuna yana tambayar iyali. Ina amsa masa da fara'a, amma idonsa nake kallo.