Hanji Mai Rai

Na sha wuya, ba kaɗan ba. Bayan an yanke mini wani ɓangare na hanji saboda ciwon daji, aka ce in riƙa komawa asibiti ana duba ni. Na je sau biyu na daina. Ga layi, ga shan maganin wankin ciki, alhali ina cin tuwona lafiya lau. A wajenmu mai lafiya ba ya kai kansa asibiti.

Wata rana da la'asar ina zaune a tsakar gida a Makera, mai ɗakina ta miƙo mini wayarta. "Malam, nas ɗin nan ta asibitin da aka yi maka aiki ce ta turo. Duba ka gani, tunda ka fi likita sani."

Ni mahauci ne. Na tsufa ina wanke hanjin shanu, amma ban taɓa ganin mai rai ba. Sai ga shi a waya, an zura 'yar kyamara a cikin mutum, ja-ja, fes, yana motsi a hankali kamar mai numfashi. Na ce Allahu Akbar. Can aka nuna wani ɗan tsiro, bai fi ƙwayar dawa ba. Matar da ke bayani da Hausa ta ce irin wannan ba ya ciwo, mai shi yana ta harkokinsa har ya girma. Ina kallo aka cire shi.

Na ce da mai ɗakina, "Sake kunna mini."

Washegari ban je mayanka ba. Na tari keke zuwa asibiti, na bi layi.