Baba Mai Jan Biro Ya Bar Hawa na Uku

Ranar Talata, tara ga wata, da hantsi, aka buga mini waya a ofis cewa Allah Ya yi maka rasuwa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na ajiye wayar na juya in gaya wa wani, sai na tuna ni da kai kaɗai muka rage a sashen binciken manyan kamfanoni na hukumar haraji.

Mu goma sha huɗu ne ranar da na fara aiki a ƙarƙashinka. Duk wanda ya yi ritaya, sai a zo a ɗauke kujerarsa. A ƙasa kuwa, sashen ƙananan 'yan kasuwa har benci aka ƙara musu.

Na tuna taron da shugaban hukumar ya yi mana bayanin hikimar haka, wai fayil ɗin kamfani yana cin shekara biyu da lauya uku, na tela kuwa kwana biyu. Ka ɗaga hannu cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, to a rubuta a ƙofa: muna binciken wanda ba shi da lauya." Aka yi dariya. Ba a sake gayyatarka taro ba.

Ba ka shan ko ruwa a ofishin da kake bincike. Amma ranar da wata mai ɗinki ta hau benenmu bisa kuskure, takardu a leda, kai ka ba ta kujerarka, ka cika mata fom, ka raka ta har titi. Ka dawo kana haki ka ce mini, "'Yata, wannan ba ta san ma abin da za ta ɓoye ba."

Jiya masinja ya kawo mini takarda biyu daga shugaba. Ɗaya ta ta'aziyya ce, mai yabon gaskiyarka. Ɗayar ta ce in kai fayil ɗinka na ƙarshe sito, in sauka ƙasa, sashen ƙananan 'yan kasuwa. Na amsa ta farko. Fayil ɗin yana gabana, Baba, ina kan shafin da jan bironka ya tsaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Mama, uwargidanka, da 'ya'yanka huɗu, Allah Ya ba su haƙuri. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen, Ya ba ni ƙarfin zuciyar juya shafi na gaba.